Ciwon Harfis Da Allurarsa Ta Jijiya

Jama'a, akwai wani magani da a ke ɗura wa majiyyaci ta jijiya a manyan asibitoci, sunansa asaikilobir. A jikin kwalbarsa za ku ga an rubuta Aciclovir ko Acyclovir, wani kamfani kuma yana kiran nasa Zovirax, duka abu ɗaya ne. Magani ne mai kyau, ya ceci rayuka da yawa. Amma yana da sharuɗɗa, in an saɓa musu sai ya taɓa ƙodar mutum. Kun san a asibitocinmu dangi su ne ke zaune a gefen gado dare da rana, su ne ke sayo magani, su ke ba da ruwa, su ke zubar da fitsari. Nas guda tana duba mutum da yawa, ku kuwa mutum ɗaya ku ke dubawa. Don haka aka buga wannan takarda. Wanda ya iya karatu ya karanta wa mutanen gidansa, maza da mata.

Mene ne harfis?

Harfis sunan wata zuriya ce ta ƙwayoyin cuta irin waɗanda likitoci ke kira bairos. Ƙanana ne ƙwarai, ko madubin likita na yau da kullum ba ya nuna su. Iri 8 ne ke kama ɗan Adam, amma 3 ne su ka shafi zancenmu.

Na fari shi ne mai fito da ƙananan ƙuraje masu ruwa a leɓe, waɗanda a kan ce zazzaɓi ne ya fito a baki. Yawancin mutane tun suna yara su ke ɗaukarsa ta hanyar yawu, ko sumba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum 64 cikin kowane 100 na waɗanda ba su kai shekara 50 ba suna ɗauke da shi. Watau wanda ya ke da shi ya fi wanda ba shi da shi yawa, ba abin kunya ba ne. Na biyu shi ne mai fito da irin ƙurajen nan a al'aura, a wajen saduwa a ke ɗaukarsa. Na uku shi ne mai kawo ƙarambau. Kada ku haɗa ƙarambau da agana. Agana an kawar da ita daga duniya, an yi shelar haka a 1980, ƙarambau kuwa tana nan.

Abin da ya haɗa su uku ɗin nan shi ne wata mugunyar ɗabi'a. In ƙuraje sun bushe, ƙwayar ba ta fita daga jiki. Sai ta bi jijiyoyin ji, ta je ta laɓe a gindinsu, kusa da laka ko cikin kai, ta yi barci kamar kwaɗo a rani. Ran da jiki ya yi rauni, don zazzaɓi, ko tsufa, ko wani babban ciwo, sai ta farka. Ƙwayar ƙarambau in ta farka bayan shekaru, ba ta komo da ƙarambau, sai ta fito da jerin ƙuraje masu zafi kamar wuta a gefe ɗaya na jiki, ko a rabin fuska. A wurare da dama a kan ce tautau ne ya bi ta jikin mutum. Tautau ba shi da laifi, ƙarambaun yarinta ce ta farka. In wannan ya fito wa matashi ko budurwa, ya kamata a je a yi gwajin ƙanjamau, gama sau da yawa shi ne alamar farko cewa ƙarfin jiki ya ragu.

Wa ke bukatar allurar jijiya?

Mafi yawan masu harfis ba su bukatarta ko kaɗan. Ƙurjin leɓe ya kan warke da kansa cikin kwana 10 ko kusa da haka. Na al'aura da na gefen jiki a kan ba da ƙwayar haɗiya ta wannan magani, ko ta ɗan'uwansa balasaikilobir, a sha a gida, kuma ta fi aiki in an fara cikin kwana 3 da fitowar ƙurajen. Yaro mai lafiya da ya yi ƙarambau, galibi hutu da tsabta da farasitamol sun ishe shi. A nan ku kiyaye, kada a ba yaro mai ƙarambau asfirin, yana iya jawo masa ciwon hanta da ƙwaƙwalwa.

To, me ya sa wani lokaci sai ta jijiya? Dalili shi ne, ƙwayar da aka haɗiya, abin da ke shiga jini daga cikinta bai fi kashi 1 cikin 5 ba, saura ya bi bayan gida. Wannan ya isa ga ƙurjin fata. Amma in cutar ta shiga ƙwaƙwalwa, ko huhu, ko hanta, ana son magani mai yawa cikin jini nan da nan, kuma mai irin wannan hali sau da yawa ba ya ma iya haɗiya.

Mafi tsanani shi ne in ƙwayar ta hau ƙwaƙwalwa. Ba kasafai ya ke faruwa ba, amma in ya faru babu wasa. Mutum lafiyayye sai ya fara zazzaɓi da ciwon kai, bayan kwana biyu ko uku halinsa ya sāke, ya riƙa sambatu, ya mance sunan 'ya'yansa, magana ta sarƙe, ko ya faɗi yana jijjiga. Sau da yawa babu ƙurji ko ɗaya a jikinsa. A gida sai a ce iska ce, a ɗauko turare. A kemis sai a ce zazzaɓin cizon sauro ne ya hau kai, da bazara kuma a ce sanƙarau. Gaskiya kuwa su ukun nan suna kama da juna ƙwarai, likita ma sai ya auna jini, ya ɗebi ruwan ƙashin baya, kafin ya rarrabe. Kada ku hana a ɗebi ruwan nan. Kaɗan a ke ɗiba, jiki kuma yana mayar da shi cikin 'yan awoyi. In ba a yi magani ba, mutum 7 cikin 10 masu harfis na ƙwaƙwalwa su kan mutu. Da wannan allura, in an fara da wuri, abin ya kan sauko zuwa kamar 2 cikin 10. Shi ya sa likita ya kan fara allurar tun sakamakon gwaji bai fito ba, don kowace rana da aka ɓata tana cin wani yanki na ƙwaƙwalwa wanda ba ya komowa. In gwaji ya nuna wani ciwo ne dabam, sai a tsayar, babu asara sai ta kuɗi.

Na biyu jariri sabon haihuwa. Ya kan ɗauka ne a hanyar haihuwa in uwar tana da ƙurajen al'aura, balle in a ƙarshen cikin ne ta kamu karo na farko. Wani lokaci kuma daga masu zuwa barka ne, mai ƙurji a leɓe ya ɗauki jariri ya sumbace shi. Ciwon ya kan nuna cikin mako 4 na farko, ko har mako 6. Jariri ya ƙi nono, ya yi laushi, jiki ya yi zafi ko ya yi sanyi fiye da kima, barci ya yi yawa, ko ya riƙa zabura. Waɗansu su kan fito da ƙuraje masu ruwa a kai ko kusa da ido, waɗansu ba su fitowa da kome. Uwargida, in kin ga haka kada ki jira suna, kada ki jira arba'in. A kai shi asibiti ran nan.

Saura su ne waɗanda ƙarfin jikinsu ya faɗi, kamar mai ƙanjamau da ciwon ya yi nisa, da mai shan maganin ciwon daji, da wanda aka dasa wa ƙoda. A jikinsu ƙuraje su kan bazu, su ci nama, su shiga ciki. Haka kuma mace mai ciki ko babban mutum da ƙarambau ta kama har numfashi ya fara wuya, da yaro mai ciwon fata mai ƙaiƙayi wanda harfis ya hau kan ciwon ya watsu, da wanda ƙurajen gefen fuska su ka kai masa cikin ido ƙwarai.

Yadda maganin ke aiki

A Amurka aka gano shi, a 1974, a kamfanin Burroughs Wellcome. Wata mata mai suna Gertrude Elion tana cikin waɗanda su ka bayyana yadda ya ke aiki, ta kuwa sami lambar Nobel a 1988 saboda ayyukanta na neman magunguna. Tun farkon shekarun 1980 a ke amfani da shi a asibiti, yana kuma cikin jerin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowace ƙasa ta tanada.

Dabararsa abin sha'awa ce. Bairos ba ya hayayyafa da kansa, sai ya shiga cikin ƙananan ɗakunan naman jiki ya riƙa saƙa irinsa. Maganin nan yana kama da ɗaya daga cikin zaren da ƙwayar ke saƙa da shi. Yana shiga jiki a kulle, mabuɗinsa kuwa yana hannun ƙwayar harfis. Inda babu ƙwayar sai ya wuce bai taɓa kome ba. Inda ta ke, ita da kanta ta ke buɗe shi, ta ɗauka zarenta ne, ta sa cikin saƙa, nan take saƙar ta tsaya.

Daga nan za ku gane abu biyu. Ƙwayar da ke barci a gindin jijiya ba ta saƙa kome, don haka maganin ba ya samunta. Yana kashe wutar da ta tashi, amma ba ya fid da cutar daga jiki har abada, duk wanda ya ce muku yana da allurar da ke yin haka kuɗinku ya ke so. Sa'an nan cutar da ba ta da mabuɗin nan ba ruwanta da shi. Ba ya maganin ƙyanda, ko zazzaɓin cizon sauro, ko taifot, ko ciwon sanyi, ko tunjere, ko ƙanjamau. Haka nan kuma su fenisilin da kafso-kafson da a ke saye a kasuwa ba su yi wa harfis kome.

Yadda a ke ba da shi

Da nauyin mutum a ke auna shi, shi ya sa a ke ɗora majiyyaci a kan sikeli. Ga ƙurajen fata da baki na mai raunin jiki, miligiram 5 a kowane kilo. Ga ciwon ƙwaƙwalwa, miligiram 10 a kowane kilo, kwana 14 zuwa 21. Ga jariri, miligiram 20 a kowane kilo, kwana 14 in a fata da ido da baki kaɗai ciwon ya tsaya, kwana 21 in ya shiga ciki ko ya hau kai. An faɗi lissafin nan ne don ku fahimci abin da a ke yi, auna shi aikin likita ne, gama ya kan rage ko ya tsawaita lokaci bisa ga ƙarfin ƙodar mutum.

Sau 3 a ke ba da shi a yini da dare, awa 8 tsakani, misali ƙarfe 6 na safe, da 2 na rana, da 10 na dare. Jiki yana fid da shi da sauri, in an tsallake guda sai ƙwayar ta sami sarari. In lokaci ya wuce ba a zo ba, ku je ku tuna wa nas cikin ladabi. In kuwa an riga an tsallake, ba a haɗa biyu a lokaci ɗaya don ramuwa.

Maigida, ga wani lissafi da ya kamata ka yi tun ran farko. Mutum mai kilo 60 da ciwon ƙwaƙwalwa yana bukatar miligiram 600 kowane karo. In kwalba mai miligiram 250 ce a ke samu, sai an fasa 3 kowane karo, watau har 9 a rana, kwana 14 kuwa ya kama 126. Wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne. Ka tambayi likita kwana nawa za a yi, kwalba nawa za a ci, ka tara 'yan'uwa a san abin yi tun da sauran lokaci. In abin ya fi ƙarfinku ka faɗa wa likita a fili, ka kuma tambaya ko asibitin yana da ofishin taimakon marasa hali. Abin da ya fi muni shi ne a fara, a kwana na biyar kuɗi ya ƙare a yi shiru. Ka saya a ɗakin magani na asibiti ko babban kantin magani mai rajista. A Nijeriya ka duba lambar NAFDAC a jikin kwalin, ka duba ranar da zai lalace, kada ka ajiye shi a rana.

Garin maganin a kan narka shi da ruwan allura, sa'an nan a zuba cikin ledar ƙarin ruwa, a bar shi yana ɗiga a hankali har awa guda cur, ko fiye. Ba a yinsa a ɗuwawu ko a cinya, ba a yinsa a ƙarƙashin fata, ba a kuma tura shi cikin jijiya da sirinji gaba ɗaya. Ba a shan ruwan kwalbar, ba a ɗiga shi a ido. Mai yawo da jaka ƙauye-ƙauye yana yi wa mutane allura, ko yaron kemis, ba su da ikon taɓa wannan magani, ko da sun iya samun jijiya, domin ba su da abin auna ƙoda.

Zancen ƙoda

A nan ne mafi yawan ɓarna ke faruwa, a nan ne kuma ku masu jinya ku ka fi amfani.

Mafi yawan maganin ta ƙoda ya ke fita, ya bi fitsari yadda ya shiga. Shi kuwa ba ya narkewa sosai cikin fitsari. Kun san in an zuba gishiri mai yawa cikin ruwa kaɗan, sai ya kwanta a gindin ƙwarya. To, cikin ƙoda akwai ƙananan magudanai, sun fi gashi siranta. In magani ya zo musu da yawa a lokaci ɗaya, ruwa kuma ya yi ƙaranci, sai ya daskare ya zama kamar ƙananan allurai, ya toshe magudanan. Fitsari ya ragu, dattin jini ya taru. Awa 2 na farko bayan an gama ɗurawa su ne lokacin da maganin ya fi kauri cikin fitsari.

Abu biyu ke kawo wannan, gaggawa da ƙishirwa. Game da gaggawa, akwai wani ɗan makulli a jikin igiyar ƙarin ruwa, wanda nas ke murzawa ta daidaita ɗigon. Waɗansu masu jinya in sun ga abin yana tafiyar hawainiya sai su murza shi don a gama a huta, ko don majiyyaci yana son zagayawa. Kada ku taɓa shi. Jinkirin nan da gangan aka yi. In kun ga ledar da ya kamata ta ɗauki awa guda tana neman ƙarewa cikin minti 15, ku kira nas. In ɗigon ya tsaya, ku kira ta, kada ku matsa ledar da hannu.

Game da ƙishirwa, majiyyacin da ke cikin hankalinsa, yana iya haɗiya, a riƙa ba shi ruwa mai tsabta a kai a kai, kafin a sa maganin da bayan an cire. Kunu, da koko, da romo, duk suna cikin lissafi. Da zafin bazara, ko in akwai zazzaɓi, ko amai, ko zawo, bukatar ta ƙaru, sai a gaya wa nas don a ƙara masa ruwa ta jijiya. Mai karɓar wannan allura ba ya azumi, malamai sun san marar lafiya yana da rangwame ya rama daga baya. Jariri kuwa nono ne ruwansa, uwa ta ci gaba da ba shi, in ba ya iya kamawa ta tatsa a ba shi yadda nas ta nuna. Amma fa wanda ya suma, ko hankalinsa ya gushe, kada a yi masa ɗura ko da cokali guda ne, ko na ruwa ko na rubutu, gama zai bi ta huhu. Nasa ruwan ta jijiya za a ba shi. Mai ciwon zuciya ko tsohon ciwon ƙoda kuma, likita ne zai faɗi iyakar abin da zai sha.

Ku zama masu lura da fitsari. Ku sami gwangwani ko roba ku riƙa tarawa in nas ta ce a yi haka, ku san sau nawa ya yi. Fitsari mai yawa, mai haske, alama ce mai kyau. In ya koma kaɗan, ja kamar shayi, ko da jini, ko majiyyaci ya fara kukan ciwon kwiɓi ta baya, a faɗa nan da nan. Babban mutum da fitsarinsa na yini da dare bai cika ledar ruwan sha guda ba, watau rabin lita, yana cikin haɗari. Jariri in ya yi awa 6 zuwa 8 bai jiƙa zanensa ba, a sanar. Za a kuma riƙa ɗibar jini kaɗan ana auna ƙoda, kafin a fara da kuma bayan 'yan kwanaki. Kada ku yi ƙorafi cewa ana ƙarar masa da jini, abin da a ke ɗiba bai fi cokalin shayi ba, gwajin kuwa ya kan nuna ɓarna tun ido bai gani ba. In an gane da wuri, aka ƙara ruwa, aka rage magani, galibi ƙodar ta kan komo daidai. In an yi sakaci, abin ya kan kai ga wankin ƙoda.

Akwai magungunan da su ma ke wahalad da ƙoda, in sun haɗu da wannan sai nauyi ya yi mata yawa. Cikinsu akwai allurar jentamaisin, da magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen waɗanda manoma da 'yan dako ke sha kamar gyaɗa. Ku kwaso duk abin da majiyyaci ke sha a gida ku nuna wa likita, har da jiƙo da garin magani. Muddin yana kan wannan allura kada a shigo masa da jiƙo ko tsimi a ɓoye cikin kwanon abinci, gama ba a san abin da ke ciki ba. Ku faɗa kuma in yana da ciwon suga, ko hawan jini, ko ya taɓa kumburin ƙafa da fuska, ko ya taɓa shan wannan magani jikinsa ya ƙi shi.

Wurin allura da sauran alamu

Ruwan maganin yana da kaifi irin na ruwan toka. Cikin jijiya jini yana surka shi, amma in bututun ya goce ya zuba cikin nama, sai wurin ya kumbura, ya yi ja, ya yi zafi, har ya kan yi bororo ya zama gyambo. Ku riƙa duban hannun. In majiyyaci ya ce yana masa zugi, ko kun ga kumburi, ko jan layi yana bin jijiyar, a kira nas ta tsayar ta sāke wuri. Jariri ba ya magana, kukansa da duban idonku su ne za su faɗa. Kada a shafa man zafi ko a gasa wurin da tsumma.

In maganin ya taru cikin jini, yawanci ga tsofaffi da masu raunin ƙoda, ya kan taɓa kai. Mutum ya rikice, hannu ya riƙa rawa, barci ya yi nauyi, ko ya riƙa ganin abin da babu. Wannan yana da wuyar ganewa ga mai ciwon ƙwaƙwalwa, tun da ciwon kansa haka ya ke yi. Abin da zai taimaki likita shi ne ku ce masa, jiya ya gane mu, ya ci abinci, yau ya koma baya. Ya kan wuce cikin 'yan kwanaki in an rage maganin ko an tsayar. Tashin zuciya, da amai, da ciwon kai kaɗan, su kan faru, a faɗa dai. Amma in fuska ko leɓe ya kumbura farat ɗaya, jiki ya yi ruɗu-ruɗu, numfashi ya sarƙe, wannan na gaggawa ne, a ruga a kira ma'aikaci.

Mace mai ciki ta faɗa tana da ciki, amma kada ta ƙi maganin don tsoro. An bi diddigin mata masu ciki da su ka sha shi daga 1984 zuwa 1999, ba a ga ya ƙara yawan haihuwar 'ya'ya masu naƙasa ba. Ƙarambau a huhun mai ciki kuwa tana kisa. Wadda ta san tana fama da ƙurajen al'aura ta gaya wa ungozomar asibiti a wajen awo, ko da da kunya. A kan ba ta ƙwaya daga mako na 36, in kuma naƙuda ta zo da ƙuraje a fili a kan fid da ɗan ta hanyar tiyata don ya tsira. Mai shayarwa ta ci gaba da shayarwa, sai dai in ƙurjin a kan nonon ya ke, to, a bar wannan gefen har ya warke.

Ruwan da ke cikin ƙurajen yana ɗauke da cutar. Mai jinya ya wanke hannu da sabulu bayan ya taɓa majiyyaci, kada ya kai hannu ido. Kada a fasa ƙuraje, kada a yi musu sakiya ko tsaga, kada a shafa toka ko man birki. Mai ciki da ba ta taɓa yin ƙarambau ba, da jarirai, kada su zo dubiyar mai ƙarambau ko mai ƙurajen gefen jiki sai sun bushe sun yi ɓawo.

Bayan kwana 4 ko 5 mai ciwon ƙwaƙwalwa ya kan farfaɗo, ya nemi tuwo, sai dangi su fara zancen gona da komawa gida. Kwanakin da likita ya yanka ba su cika ba, ƙwayar kuma ba ta gama mutuwa ba, in an tsaya a nan ciwon yana iya komowa. Ƙwayar asaikilobir ta haɗiya ba ta maye gurbin allurar a wannan ciwo. A sauran ciwace-ciwacen likita ya kan juya zuwa ƙwaya in an sami sauƙi, shi ne zai faɗi ranar.

Jaririn da ya gama allura a kan ci gaba da ba shi ruwan maganin ta baki har wata 6, ana auna jininsa lokaci lokaci, ana ƙara ma'auni yadda nauyinsa ke ƙaruwa. Babban da ya tashi daga ciwon ƙwaƙwalwa kuma wataƙila ya komo gida da mantuwa, ko saurin fushi, ko farfaɗiya, abin ya ɗauki watanni. Ku yi haƙuri da shi, kada a bar shi shi kaɗai a bakin wuta ko rijiya, kada ya hau babur sai likita ya yarda. Takardar sallama a adana ta cikin leda, a zo da ita ran da aka ce a komo.